NANA ASMA'U 'YAR SHEHU: MALAMAR DA TA MAYAR DA BEGE DA HAWAYE KARATU



'Yar uwa, bari in fara da tambaya. Tun da kike, sau nawa wani da kike ƙauna ya rasu, ko ya yi miki nisa, kika ji abu ya tokare miki ƙirji amma kika rasa bakin faɗa? Mu mata da kunya da kawaici aka raine mu. Mace sai ta yi shekara talatin da miji, ranar da ya rasu ta shiga takaba, 'yan gaisuwa su cika gida ana ta yi mata ya haƙuri, tana amsawa kanta a sunkuye. Bayan sadakar bakwai kowa ya watse, a bar ta da abin da ke cinta a zuci, babu wanda za ta gaya wa. Wata kuma takan wuce gona da iri, ta yi ta kururuwa da birgima, har ta furta kalmar da ba ta dace da mai imani da ƙaddara ba. To, akwai hanya a tsakanin waɗannan biyun, kuma wadda za mu duba tarihinta a yau tana cikin waɗanda suka share mana ita. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara musu rahama.

Na san kin sha jin sunanta. Ga makarantun Islamiyya nan birjik masu sunanta, ga ɗakunan kwanan ɗalibai mata a jami'o'i. Yawancinmu mun san ta a matsayin malama mai karantar da mata. Amma ba kowa ya san cewa Nana mace ce mai tsananin ƙauna ba, wadda ta binne mutanenta ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan duk wanda ta rasa sai ta yi masa waƙa. Wannan ɓangare na rayuwarta nake so mu tsaya a kai.

HAIHUWARTA DA TASOWARTA

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, a ƙasar Gobir ta wancan lokaci, wajen shekarar 1793. 'Yan biyu ce, ita da ɗan uwanta Hassan. Bisa al'ada da Hassana ko Usaina za a kira ta, amma sai Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar (RA), wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Nana tana 'yar ƙarama, don haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Kin ga ke nan tun ba ta san hagu da dama ba ta fara ɗanɗanar maraici, kuma nan shaƙuwarta da yayanta Bello ta samo asali.

Gidan Shehu gidan karatu ne, mata da maza. Nana ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi da tarihin Manzo (SAW). Tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci. Sai dai ba a cikin kwanciyar hankali ta yi wannan karatu ba. Tana da kimanin shekara 11 rikici tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya kai intaha, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, aka kuma yi mummunar asara a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Jama'a ta yi ta ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan cikin yunwa da cuta, har sai da Alƙalawa ta faɗi a 1808. Duk wannan a idon Nana aka yi shi. Yarinyar da ta ga zawarawa da marayu sun cika sansani, ai ba sai an koya mata abin da ake kira rashi ba.

A cikin wannan hali, wajen 1807, aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Sun zauna tare fiye da shekara 40, Allah Ya ba su 'ya'ya maza. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci, kuma daga wannan tsatso ne aka samu Wazirin Sakkwato Junaidu, babban malamin nan da ya rasu a 1997.

ME YA SA WAƘA?

Wataƙila ki ce, malama kamar wannan me ya kai ta waƙa? 'Yar uwa, ki tuna a zamaninsu babu injin ɗab'i, babu rediyo. Littafi da hannu ake kwafarsa, takarda kuma daga nesa fatake ke kawo ta, da tsadarta. Mafi yawan matan karkara ba su iya karatu ba. To, ta yaya ilimi zai kai ga matar da ke daka a wani ƙauye mai nisan kwana biyu? Sai ta hanyar abin da kunne zai kama, zuciya ta riƙe. Waƙa tana da kari, tana da amsa-amo, wato harafin da kowane baiti ke ƙarewa da shi. Idan kika manta kalma, karin zai nuna miki akwai giɓi, amsa-amon kuma ya janyo miki ita. Shi ya sa har yau kike iya rera waƙar da kakarki ta yi miki kina goye, alhali wa'azin da kika ji makon jiya ya fara zubewa.

Waƙoƙin Nana suna da tsari sananne. Takan buɗe da sunan Allah da godiya da salati ga Manzo (SAW), ta shiga abin da ya kawo ta, ta rufe da addu'a da salati. A ƙarshen da yawa daga cikinsu takan saka ramzi, wato wata kalma da idan aka lissafa haruffanta da hisabin Larabci za ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Da wannan ne masana suka gane shekarun waƙoƙinta. Kin ga hikima, waƙa ɗauke da ranar haihuwarta a bakinta.

Ga wani misali na yadda gini kansa yake magana. A 1822, lokacin Bello yana Sarkin Musulmi, abokan gaba suka yunƙuro wa Sakkwato, hankalin jama'a ya tashi. Bello ya tsara 'yar waƙa a kan aya ta 5 ta Suratu Alam Nashraha, ayar da ke yi mana bushara da cewa sauƙi yana tare da tsanani. Haruffan ayar 14 ne, kowane layi ya fara da harafi ɗaya daga cikinsu bi da bi. Nana ta mayar masa da tata da Fulatanci a kan wannan tsari. Idan kika bi farkon layukan daga sama zuwa ƙasa, ayar ce za ta fito. Wa da ƙanwa ke nan suna ƙarfafa wa juna zuciya a ranar tsoro, kowa ya jingina maganarsa da maganar Allah, harafi da harafi.

BEGEN MANZON ALLAH (SAW)

Babbar soyayyar Nana, wadda duk sauran suka biyo bayanta, ita ce ta Fiyayyen Halitta (SAW). A nan ma gado ta yi. Mahaifinta yana ɗan kimanin shekara 20 ya tsara wata ƙasida ta Larabci da ake kira Daliyya, yana begen zuwa Madina ziyarar kabarin Manzo, kowane baiti yana ƙarewa da sunan Muhammadu. Allah bai nufi Shehu da zuwa ba har ya koma ga Mahaliccinsa a 1817. Ita ma 'yar tasa a ƙasar Hausa ta ƙare rayuwarta. Ki duba fa, mu yau awa biyar ko shida a jirgi daga Kano mun sauka a ƙasa mai tsarki. Su kuwa tafiyar watanni ce, wani lokaci shekaru, wanda ya tafi ma ba a da tabbacin dawowarsa. Wanda ƙafarsa ta kasa kai shi, sai harshensa ya kai shi. Asalin bege ke nan, son wanda ba ka gani, da ƙishirwar da ba ta yankewa.

A 1839 Nana ta yi waƙar Hausa mai suna Kiran Ahmada. Abin da za ki fara lura da shi a cikinta shi ne inda baitoci ke sauka. Ko me ta ɗauko, a kan sunan Manzo take dire shi, ko Ahmada ko Muhammada. Ki kwatanta da matar da mijinta ya yi doguwar tafiya. Ko zancen cefane ake yi, ko na damina, sai kin ji ta karkato da shi ta sako maigidan. Haka mai bege yake, duk hanyar da ya ɗauka ƙofa ɗaya take kai shi. Nana ba ta tsaya gaya mana cewa ba ta iya daina ambatonsa ba. Ta gina waƙar ne yadda mai rerawa ma ba za ta iya kai ƙarshen baiti ba sai ta ambace shi. Kafin ki gama, kin kira sunan sau da dama, kin yi salati ba adadi.

Sai kuma kamance. Yaya za ki siffanta wa matar karkara wanda ba ta taɓa gani ba, ke ma ba ki taɓa gani ba? Nana sai ta ɗauko abin da kowa ya sani. Ta ɗauko wata a daren da ya cika, wanda a garin da babu lantarki shi ne sarkin haske, a ƙarƙashinsa ake hira da kaɗi da tatsuniya. Ta ɗauko almiski, turaren da ya fi kowane daraja. Sai ta ajiye su kusa da Manzo (SAW), ta nuna duk sun gaza. Wannan ita ce dabarar masu bege tun tuni. Su kai ki ƙarshen abin da kika sani na kyau, sannan su ce miki ai ba a fara ba.

Doguwar waƙarta ta bege ita ce Begore, wadda sunanta ma daga kalmar bege ya fito. Ta haura baiti 300, da Hausa, tana bin rayuwar Manzo (SAW) tun daga haihuwa, da aike, da wahalar Makka, da hijira, da yaƙe-yaƙe, har zuwa wafati. Matan da suka fara jin ta, wasunsu sun yi hijirar Gudu da ƙafarsu, wasu 'ya'yan waɗanda suka yi ne. Idan aka zo kan barin gida da dukiya saboda addini, ba labarin nesa suke ji ba, tabon jikinsu ake taɓawa. Ta haka Nana ta ɗinke tunawa da Manzo da tunawa da abin da ya sami iyayensu, ta nuna musu cewa wahalar da suka sha tana da asali mai daraja.

Kada ki ɗauka wannan baƙon abu ne a Musulunci. Ka'abu ɗan Zuhairu ya tsaya gaban Manzo (SAW) da ƙasidar da ta buɗe da zancen rabuwa da masoyiya kafin ta shiga yabo, Manzo ya yafa masa mayafinsa. Imam Busiri ya buɗe Burda da hawayen mai tuna masoyansa. Ga kuma Ishiriniyar Alfazazi da muke ji a garuruwanmu, nan Saji da Rano da Kibiya da sauran ƙasar Kano, musamman idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, wadda aka tsara ta baiti ashirin-ashirin a kan kowane harafi. A wannan kogi Nana ta sha. Abin da ta ƙara shi ne ta kawo shi cikin harshen da matar da ba ta je makaranta ba za ta fahimta.

RASUWAR BELLO

A 1837 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno. Ga Nana, wannan ba rashin sarki kaɗai ba ne. Yayanta ne da suka tashi ɗaki ɗaya, malaminta ne, abokin shawararta ne. Shi ne ya rubuta littafi a kan salihan mata, ita kuma ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa, wadda ake kira Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda ta jero matan Manzo da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya, har ta gangaro kan matan da ta sani da idonta a jama'ar Shehu.

Ta yi masa marsiyya, wato waƙar makoki, da Fulatanci. To, a nan ne za ki ga abin mamaki. Mace mai shekara 44, malamar da ake tasowa daga nesa don a yi karatu a gabanta, matar Waziri, 'yar Shehu, da me ta kamanta kanta? Da ɗan tsakon da uwarsa ta mutu ta bar shi yana ta kuka, da kuma wanda aka yasar a daji shi kaɗai. Ke da kike kiwon kaji kin san wannan kukan. Kin san yadda ɗan tsako ke zagaye tsakar gida yana tsiyau-tsiyau, ga shaho a sama, ga sanyin dare na tafe, babu fiffiken da zai shiga. Ba ta nemo wani babban misali daga littattafan Larabawa ba, alhali ta san su sarai. Ta sunkuya ta ɗauki abin da ke tsakar gidan kowace mace. Da wannan ɗan misali ta faɗi abin da shafi goma ba zai faɗa ba, cewa duk girman mutum da iliminsa, akwai wanda idan ya rasa shi yakan koma maraya.

Amma ba ta tsaya a kuka ba. Ta mayar da al'amari ga Allah, sannan ta shiga lissafa halayen mamacin. Daga baya ma ta sake yin wata waƙar musamman a kan halayen Bello, irin su adalci da tsoron Allah da gudun dukiyar jama'a. Masu mulkin da suka biyo baya suna ji, sun kuma san ma'aunin da ake auna su da shi ke nan. Ita da mijinta Giɗaɗo suka duƙufa wajen adana tarihin Shehu da Bello, shi yana rubutawa da Larabci a zube, ita tana tsarawa a waƙe. A 1839 ta yi waƙar Fulatanci da ke bin sawun jama'a tun daga Ɗegel, wadda ƙanenta Isa ya mayar Hausa, aka san ta da Waƙar Gewaye.

MIJI DA AMINIYA

Wajen 1850 Waziri Giɗaɗo ya rasu. 'Yar uwa, a nan ina so ki nutsu. Me mace mai kunya za ta ce a bainar jama'a game da mijin da suka yi shekara 40 tare? Nana ba ta buɗe sirrin ɗakinta ba. Abin da ta jero a marsiyyarsa shi ne ayyukansa: karɓar baƙi, kyauta, kula da masallaci da ƙofofin gari da hubbaren Shehu, riƙe zumuncin iyalan Shehu, da amanar da ke tsakaninsa da Bello. Mai karatu da gaggawa zai ce ina soyayyar take? Ai ita ce wannan. Wa ya san lokacin da mutum ke fita duba gyaran masallaci, wa ya san yawan baƙin da ake ɗora wa tukunya, in ba wadda ke cikin gidan ba? Shekara da shekaru tana kallonsa tana adanawa. Ranar da ya tafi ta fito da ajiyarta, ta yi masa shaidar alheri a gaban Allah da mutane. Ki tuna yadda Manzon Allah (SAW) ya riƙa ambaton Nana Khadija (RA) bayan rasuwarta, yana lissafa yadda ta gaskata shi ta taimake shi da dukiyarta, yana aika wa ƙawayenta nama idan an yi yanka, har Nana A'isha (RA) ta ji kishi. Tunawa da alherin masoyi sunna ce.

Inda Nana ta saki zuciyarta sosai shi ne a kan aminiyarta A'isha 'yar Umaru Alƙammu, matar Bello. Tare suka taso, tare suka sha wahalar hijira, tare suka tsufa. Da A'isha ta rasu wajen 1855, Nana ta haura shekara 60, mafi yawan tsararrakinta sun tafi. Ta yi mata marsiyya da Larabci bisa tsarin mawaƙan Larabawa na dā, irin hanyar da Khansa'u (RA) ta bi wajen makokin ɗan uwanta Sakhru. A ciki takan juya ta yi wa idanunta magana kamar wasu mutane, tana neman su zubar da hawaye kada su yi rowa. Ta yi zancen tsawon dare ga wanda tunani ya hana barci. Ta yabi A'isha da riƙon Alƙur'ani da ibada da tsayawa kan marayu da zawarawa.

Sannan, da yake malama ce, ta san za a samu mai cewa wannan kuka ya yi yawa. Sai ta amsa tun kafin a tambaya, a cikin waƙar. Ta bayyana cewa Shari'a ba ta hana hawayen tausayi da ƙauna ba, kuma an yi wa Manzo (SAW) kansa marsiyya bayan wafatinsa. Abin da aka hana shi ne kururuwa da ihu. Haka kuwa abin yake, domin Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, bai kuwa furta sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi ba. Kin ga a waƙa ɗaya ta yi kukanta, ta kuma koya miki hukuncin kukan.

BA MANYA KAƊAI BA

Wani abin da zai ƙara miki ƙaunar wannan baiwar Allah shi ne, ba 'yan gidan sarauta kaɗai ta yi wa waƙa ba. Ta yi wa kawunta... a'a, bari in ce baffanta, Malam Abdullahi na Gwandu, ta yi wa ɗan uwanta Buhari, amma kuma ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima saboda kyawun zamanta da mutane. Ta yi wa Zaharatu, matar da ke zuwa karɓar haihuwa da wankan gawa. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta. Waɗannan mata ba su ci gari da yaƙi ba, ba su bar littafi ba. Da ba don waƙar Nana ba, da ko sunansu ba mu ji ba. Yau fiye da shekara 160 ana ambatonsu ana yi musu addu'a.

Su wane ne jaji? Su ne shugabannin 'Yan Taru, tsarin da Nana ta kafa don karantar da matan karkara. Ta lura matan aure masu ƙananan yara ba za su iya barin ɗakunansu su zo Sakkwato ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana, ta naɗa kowace da malfa da jan rawani, su taho da 'yan mata da tsofaffi daga garuruwansu su ɗauki karatu, su koma su isar wa na gida. Waƙoƙin nan su ne littattafansu. Da su ake koyon tauhidi da alwala da salla, da sunayen surorin Alƙur'ani, da tarihin Manzo, da zaman aure da haƙƙin maƙwabci. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon wannan aiki. Maryam ɗin nan kuwa tamu ce mu Kanawa, domin ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ta zauna a Kano kafin ta koma Sakkwato. Duk wata ƙungiyar mata Musulmi da ke wa'azi da karantarwa a ƙasar nan, irin tamu, a inuwar wannan bishiya take.

RASUWARTA

Nana Asma'u ta rasu a Sakkwato a 1864, tana da shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Wadda ta yi wa mutane da yawa marsiyya, ita ma ƙanenta Isa ya yi mata. Ta bar rubuce-rubuce kimanin 60 da aka sani. Zuriyarta sun adana su a gidan Waziri, kuma da taimakon Waziri Junaidu wata Baturiya mai suna Jean Boyd ta yi shekaru tana bincike a kansu, har ita da Beverly Mack suka tattara su a littafi guda a 1997.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

'Yar uwa, yau waƙoƙin soyayya sun cika wayoyin 'ya'yanmu, muna ta faɗa muna ƙwacewa. Faɗan yana da dalili, amma ki sani zuciya ba ta zama fanko. Idan ba ki zuba mata mai kyau ba, za ta ɗebo daga kwata. Nana ba ta ce a kashe so ba, ta nuna masa alƙibla ne. Ta sa son Manzo (SAW) a gaba, sannan ta so ɗan uwa da miji da ƙawa da maƙwabciya a ƙarƙashinsa, ba ta kuwa ji kunyar a san tana son su ba.

Saboda haka ga 'yar shawara. Kada ki jira sai maigida ya kwanta dama kafin ki fara lissafa alherinsa. Ki fara tun yau, ki gaya masa wani, ki gaya wa 'ya'yanku wani. Idan kina da aminiya ta gaskiya, ki riƙe ta, ki nuna mata matsayinta tun tana ji. Idan Allah Ya jarrabce ki da rashi, ki yi kukanki, ba ki yi laifi ba, sai dai ki tsare harshenki, ki bi hawayen da addu'a da sadaka. Wadda take cikin takaba a unguwarku kuma, kada a bar ta ita kaɗai bayan an share makoki. Wata huɗu da kwana goma ba kwana kaɗan ba ne. Ki leƙa ta, ki bar ta ta yi zancen mamacinta, domin ambaton ma magani ne.

Sannan iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu, da ungozomar da ta karɓi haihuwarki, da malamar da ta koya miki Fatiha, wa zai gaya wa jikokinki sunayensu? Ba lallai sai kin iya tsara baiti ba. Ki samu littafin rubutu ki rubuta sunan kowa da halinsa na kirki, da boko ko da ajami, ki riƙa karanta wa yara kuna yi musu addu'a.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya jiƙan Shehu da jama'arsa, Ya jiƙan iyayenmu da mazajenmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Ya cika zukatanmu da son Manzonsa (SAW), Ya tashe mu a tutarsa. Amin summa amin.